Injin Da Taimi Ta Aiko

Toivola, 17 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga 'yata Taimi,

Gaisuwa mai yawa daga ni da babanki, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Raymond. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce kawai take yi mini ƙorafi da safe, ni ma in yi mata nawa, mu wuce.

Bayan gaisuwa, ranar Talata na kai babanki Hancock wajen likita. Na ce na kai shi, don da kansa ba zai je ba. Tun watan jiya, in ya hau tudun bayan gida sai ya tsaya ya dafe ƙirji, ya yi kamar itatuwa yake dubawa. Ni da ido ɗaya Allah ya bar ni tun ina yarinya, amma wannan ɗayan bai taɓa cin amanata ba. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce bana babu shi babu shebur. Kin san kunnen babanki, shekara talatin a ramin haƙar tagulla ta cinye shi. Sai ya juyo ya ce mini, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce ka bar kwashe ƙanƙara." Ya ce, "To shi zai zo ya kwashe mana?" Da ƙarfi kuwa, har matar da ke jira a waje sai da ta yi dariya.

To kin ji. Kin kuma san hanyar motarmu, daga titi zuwa bakin gareji tafiya ce. Bara sau nawa ya fita tun safe bai shigo ba sai rana ta take. Maƙwabcinmu Niilo ya ce zai riƙa zagayowa da tarakta in ya gama tasa, babanki ya ce shi bai kai lokacin da za a share masa ƙofar gida ba. Ban rubuto don ki damu ba. In ban faɗa miki ba, wa zan faɗa wa?

Mun gama haƙar dankali, ya yi kyau bana. Saniyar Fanni matar Niilo ta haihu, maraƙin ya fi uwar surutu. Jiya na gasa nisu, burodin nan namu mai zaƙi, na manta na yi yawan da nake yi lokacin da kina gida, yanzu sai mu ci har mako ya zagayo.

Za ku zo Kirsimeti? Ki gaida Raymond, ki ce masa an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Mamanki,
Saima

*

Detroit, 2 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki da Baba, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya. Kujerun motar da muke ɗinkawa a masana'anta ba sa ƙarewa, in na rufe ido ma keken ɗinki nake gani.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni, amma na samo mafita. Wani maƙwabcinmu yana da ɗan inji na kwashe dusar ƙanƙara. Bara na sha tsayawa a taga ina kallonsa: ya ja igiya, injin ya tashi, ya tura shi kamar keken jariri, ƙanƙarar tana fita ta wani bututu tana zuba can gefe. Kafin in shanye kofi ya gama, simintin ƙofar gidansa fes kamar an bi da tsintsiya. Mutumin ya girmi Baba, kuma da taba a baki yake yi.

Ranar Asabar na je kanti na zaɓi irinsa. Akwai manya, amma na ɗauki ƙaramin don kada nauyi ya wahalar da ƙirjin Baba. Babbar mota za ta sauke shi a Hancock, sai Niilo ya ɗauko muku. Ki gaya wa Baba in ya ƙi amfani da shi, zan zo da kaina in ƙona sheburansa duka uku.

Kirsimeti ba zai yiwu ba, Mama, an ƙara mana aiki har ƙarshen shekara. Amma na nemi hutu a ƙarshen Janairu, zan zo. Raymond yana nan.

'Yarki,
Taimi

*

Toivola, 21 ga Nuwamba

'Yata Taimi,

Muna gaishe ki, muna lafiya. Babanki yana shan maganinsa, in na tsaya a kansa.

Inji ya iso, mun gode, Allah ya yi miki albarka. Ja ne wur, babanki ya zagaye shi sau uku kafin ya taɓa shi. Sai dai ga wata magana, ki saurara da kyau kada ki yi saurin fushin nan naki.

Da Niilo ya sauke shi, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, "Jalmar, wannan na mutanen birni ne."

Babanki ya ce, "Me?"

"Na ce na birni ne! Dubi fikafikan robar nan, ƙasa suke shara. A kan siminti ba laifi. A kan tsakuwarka kuwa, duk abin da ya tarar haɗiyewa zai yi ya tofo. Bindiga aka aiko maka, tsoho."

Babanki ya ce, "'Yata ce ta zaɓa."

Niilo ya ce, "'Yarka kujera take ɗinkawa, ba hanya take sharewa ba."

Da kyar na raba su da kofi. Bayan sun huce, Niilo ya yi mini bayani a hankali. Ya ce manyan suna da takalman ƙarfe biyu a gefe, ana sauke su sai bakin injin ya ɗaga daga ƙasa kamar kaurin yatsa biyu, ya ɗebi ƙanƙara ya bar duwatsu. Ƙaramin ba shi da su. Kin kuma san tsakuwarmu ba ta rafi ba ce, fasasshen dutsen rami ce mai kaifi, wadda babanki ya yi ta jidowa a shekarar da aka haife ki.

Niilo ya tambayi wani mai kanti a Hancock, ya ce zai karɓa ya ba mu babba, muddin ba a zuba masa mai ba. Ban so mu yi ba tare da kin sani ba. Me kika gani?

Dusar ƙanƙara ta fara sauka ranar Laraba, amma ba ta kwanta ba tukuna.

Mamanki,
Saima

*

Detroit, 29 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Na ga godiya layi ɗaya, na ga Niilo shafi guda. Tun ina ƙarama haka ne. In na yi shara sai an nuna mini lungun da na bari. Na kwashe rabin yini a kantin nan ina ɗaga inji ina ajiyewa, ina tunanin ƙirjin Baba, amma Niilo ya leƙa sau ɗaya ya san na yi shirme. Ai kujera nake ɗinkawa.

Ku yi yadda kuka ga dama. Ku canja shi, ko ku ba Niilo, ko ku jefa shi a tafki. Na gaji da zaɓen abin da daga baya za a ce mini ban iya zaɓe ba.

Taimi

*

Toivola, 12 ga Disamba

Taimi 'yata,

Gaisuwa da fatan kin huce. Mu lafiya lau.

Ki yafe mini. Bai kamata in rubuta miki baƙar maganar Niilo ba, na ɗauka za ta ba ki dariya ne. Da na gama karanta wa babanki wasiƙarki, sai na ce masa, "Je ka zuba masa mai." Ya ce, "Saima, kin tabbata?" Na ce, "Yarinya ta yi abu don Allah, ba za mu mayar mata da shi ba." Magana ta ƙare, inji namu ne.

Kuma wallahi yana aiki. Babanki ya samo dabara. Ya bar dusar farko da ta biyu bai taɓa ba, ya yi ta bin ta da mota gaba da baya har ta daskare ta rufe tsakuwar kamar daɓe. Yanzu in zai share, sai ya ɗan danne mariƙin don bakin ya ɗaga, ya kuma juya bututun wajen itatuwa, nesa da gida. Jefi-jefi nakan ji tas! tas! a jikin itace kamar ana gugguru, shi kuwa bai san ana yi ba. Aikin da yake cinye masa safiya yanzu kafin ruwan kofi ya tafasa sau biyu ya gama. Jiya har ya wuce ya share hanyar ɗakin wankan gumi, ya shigo yana fito, gemunsa fari fat. Niilo ya tsaya a titi yana kallo, babanki ya ɗaga masa hula.

Yanzu ga tawa tambayar. Na karanta layinki na ƙarshe ya fi sau goma, wanda kika ce kin gaji da zaɓe. Taimi, wannan layin ba na inji ba ne. Ba zan matsa miki ba. In kin shirya, ki rubuto, ko ki bari sai kin zo Janairu mu zauna a kicin.

Na sa miki safa biyu da nisu a kwali. Barka da Kirsimeti.

Mamanki,
Saima

*

Detroit, 3 ga Janairu, 1972

Mama,

Barka da sabuwar shekara, ke da Baba. Saƙo ya iso, safar tana ƙafata yanzu haka. Ni ce ya kamata in nemi gafara, ba ke ba. Wannan wasiƙar taki ce ke kaɗai, ki karanta a zuci tukuna kafin ki san abin da za ki faɗa wa Baba.

Gaskiyarki, layin ba na inji ba ne. Na bar gidan Raymond tun mako guda kafin Kirsimeti. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, adireshin yana bayan ambulan. Shan giyar da yake yi ba sabon abu ba ne, na ɓoye miki shekara huɗu. Amma tun bazara ya fara ɗaga mini hannu yana dukana. In ya wartsake ya yi kuka, in yafe, mako biyu a koma. Na ƙarshen ne ya sa na tattara kayana a jaka biyu yana wurin aiki.

Na je wajen lauya. Ba zan koma ba, Mama.

Na san abin da na ce a gaban fasto, na san kina zaune a layin gaba da hular nan mai shuɗi. Na san yadda matan cocinmu suka yi da 'yar Maki lokacin da ta baro mijinta ta dawo gida, har da ke a cikin masu cewa da ta yi haƙuri. Na kuma tuna ranar da kika tsayar da ni a bakin rijiya kika ce, "Kin san mutumin nan sosai kuwa?" na ce miki ni ba yarinya ba ce.

Ina so in zo ranar ashirin da biyu, kuma ba don mako ɗaya ba. Ina so in ɗan zauna, in kwana a ɗakina, in ji kina motsi a kicin. Amma garin naki ne, ke za ki shiga coci ran Lahadi ana kallonki. In kin ga kada in zo, ki faɗa kawai, zan gane.

Ina jiran amsarki.

'Yarki,
Taimi

*

Toivola, 14 ga Janairu

Taimi,

Gaisuwa. Ni ne babanki nake rubutu. Ina lafiya.

Wasiƙarki ta zo. Na kwafi adireshin da ke bayan ambulan. Mamanki ba za ta rubuto miki ba yanzu. Ta ce in gaya miki kada ki zo a watan nan. Ta ce ba ta so ku haɗu a halin da ake ciki. Kada ki tambaye ni komai, na yi mata alkawari.

Ƙanƙara da yawa.

Babanki,
Jalmar

*

Detroit, 20 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ka. Ka riƙa shan maganinka.

Na gane. Ba sai an yi mini bayani ba, na san komai. Ni na zaɓa, an gargaɗe ni ban ji ba, ni na jawo mata wannan. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ko layi ɗaya ba ta iya rubuta mini da hannunta ba, sai da ta sa ka, kai da ba ka taɓa rubuta mini wasiƙa ba tun da na bar gida.

Zan bar ɗakin nan ƙarshen wata, kada ka wahalar da kanka da rubutu. Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta. Ba za ta ƙara ganina ba.

Taimi

*

Toivola, 9 ga Maris

Taimi 'yata,

Ni ce mamanki. Rubutun na babanki ne, maganar tawa ce. Na ce masa ya rubuta duk abin da na faɗa, kada ya gyara, kada ya rage. Ina gaishe ki. Babanki lafiya. Ni ma jikina lafiya, ban da abin da zan gaya miki.

Ranar Laraba biyar ga Janairu da safe babanki ya fita da inji. Bayan sabuwar shekara an yi kwana biyu ana ɗumi, daɓen nan na ƙanƙara ya narke a kusa da matakala, sabuwar dusa ta rufe wurin, ba wanda ya lura. Iska kuma ta juya, tana mayar masa da ƙanƙarar a fuska, sai ya karkata bututun wajen gida. Ni ban sani ba. Na fito da kofi a hannu ina kiransa, bai ji ba. Na sauko matakala ɗaya don in ɗaga masa hannu.

Ban ji zafi ba da farko. Ƙara na ji a cikin kaina. Na zauna a kan matakalar, na ce a raina, ikon Allah, gari ya yi duhu da wuri. Dutse ne, a ido na dama. Mai kyan.

Niilo ya kai mu Hancock, daga can aka wuce da ni babban asibiti a Marquette. Sau biyu aka yi mini aiki. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ce a jira a gani. Tun a cikin mota na sa babanki da Niilo da Fanni suka yi mini alkawari ba za su gaya miki ba. Na san ki. Na san za ki ce ke ce. Na ce bari ido ya warke, in ta zo sai in ba ta labari muna dariya. Shi ya sa na ce kada ki zo, don kada ki tarar da ni fuska a kumbure an naɗe da bandeji.

Wasiƙarki ta uku ga wata ta same ni a gadon asibiti. Babanki ya ce ya buɗe? Na ce a'a, sunana ne a kai, da idona zan karanta. Na sa ta ƙarƙashin matashi. Da aka sallame mu na dawo da ita gida a aljihun riga. Wata biyu tana tare da ni, ina shafa ta. Na ɗauka in na bari aka karanta mini, na yarda ke nan ido ya tafi.

Ranar Litinin da ta wuce muka koma, likita ya gaya mini gaskiya. Ina bambance taga da bango, shi ke nan, kuma ba zai wuce haka ba. Da muka dawo na zauna a kicin na ce, "Jalmar, buɗe."

Ya karanta da muryar nan tasa kamar yana kiran shanu. Da ya kai wurin da kika ce Raymond yana ɗaga miki hannu sai ya tsaya. Na ce, "Ci gaba." Ya kai ƙarshe, inda kika ce in faɗa kawai za ki gane. Sai na ce, "Me ka rubuta mata a Janairu? Faɗa mini kalma kalma." Ya faɗa. Daga nan ya tashi ya ɗauko wasiƙar da kika aiko masa, wadda ya ɓoye mini.

Taimi, na ga abin da kika ji. Kin miƙo mini hannu daga cikin ruwa, aka ce miki na ce kada ki zo.

Ki saurare ni. Da na buɗe wasiƙar nan ranar da ta zo, da na ce ki taho ko da ƙafa ne. Fasto bai haife ki ba. Matan coci ba su goya ki ba. Abin da na faɗa a kan 'yar Maki, jiya na sa Fanni ta kai ni gidansu na roƙi uwarta gafara. Shekara huɗu kina cikin wannan hali ni ina rubuta miki labarin dankali.

Maganar inji kuma, kada ki kuskura ki ɗora wa kanki laifi. Ke ba ki taɓa tura shi a kan tsakuwa ba. Mu muka ji gargaɗin Niilo da kunnenmu, ni ce kuma na ce a zuba masa mai.

Ɗakinki a gyare yake, na shimfiɗa gadon da kaina, da lalube. Ki zo.

Mamanki,
Saima

*

Toivola, 16 ga Afrilu

Taimi,

Gaisuwa. Babanki ne. Ƙirjin yana nan yadda yake. Mamanki tana cin abinci.

Wasiƙar da ke cikin ambulan ɗin nan ta mamanki ce. Mun aika ta ɗakin tsohuwar a watan Maris, ta dawo, an rubuta ba kya nan. Na aika gidan Raymond, ta sake dawowa. Ban gaya wa mamanki ta dawo ba. Kullum in ta ji motar wasiƙu ta tsaya a titi sai ta ce, "Jalmar, je ka duba." In je in dawo in ce yau babu. Niilo ne ya ce in gwada ofishin masana'antarku. In wannan ma ta dawo ban san inda zan nufa ba.

Akwai abin da mamanki ba ta sa a tata ba. Lokacin da dutsen ya same ta ban gani ba. Na wuce da inji har bakin titi, bayana yana wajenta. Na share gaban akwatin wasiƙu da kyau. Sai da na juyo na hango ta zaune, kofi ya zube a kan ƙanƙara. Ta ce ta kira sunana. Ban san sau nawa ba, ta ƙi faɗa.

Na biyu. Da wasiƙarki ta Janairu ta zo, na ɗauka Fanni ta karya alkawari ta gaya miki. Kin ce ke kika zaɓa, an gargaɗe ki, ke kika jawo mata. Na ɗauka inji kike nufi. Da na kai inda kika ce ba za ta ƙara ganinki ba, na ɗauka kin san ta makance, kika faɗa haka. Na yi fushi. Na sa takardar a gwangwanin ƙusoshi a gareji. Kina ɗakin nan har ƙarshen wata, da na rubuta layi ɗaya da ya same ki. Ban rubuta ba. Mako bakwai ina fushi da ke a kan abin da ba ki faɗa ba.

Inji yana cikin gareji, na rufe shi da buhu. Niilo ne ya share mana hanya har sanyi ya wuce. Bai taɓa ce mini ai ya gargaɗe ni ba.

Yanzu ƙanƙara ta narke. Duk tsakuwar da injin ya watsa ta fito a kan ciyawa, har gindin itatuwa. Ban san ta kai haka yawa ba. Kullum da safe ina jan ta da manjagara ina mayarwa kan hanya. Mamanki takan zauna a bakin ƙofa tana jin ƙarar. Jiya ta ce, "Jalmar, in ta zo kada ka bari ta ga injin."

Ban iya rubutu mai daɗi ba. Ki zo gida.

Babanki,
Jalmar

*

Detroit, 23 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ku. Ka zaunar da Mama ka karanta mata wannan duka, kada ka tsallake ko kalma ɗaya, ka kuma gaya mata wasiƙarta ta yi yawo kafin ta same ni. Ɓoye-ɓoyen ya isa haka.

Ranar Juma'a aka kira ni ofis aka miƙo mini ambulan. A tsaye na karanta, a bakin matakala. Ban koma kan keken ɗinkin ba. Wata abokiyar aikina, Dolores, wadda nake zaune a gidanta tun Fabrairu, ita ta riƙo ni har gida.

Mama, kin ce kada in kuskura. Na kuskura tun kafin in kai ƙarshen shafi. Kin tambaye ni me na gani, da na ce ku canja, da yanzu da idonki kike karanta wannan. Ba na so ki lallashe ni a kai. Ki bar ni da shi, nawa ne. Wata uku kuma ina kwana ina tashi da haushinki, ina shirya maganganun da zan faɗa miki, ke kina can da wasiƙata a aljihu.

Baba, ba na riƙe ka da komai. Ka ajiye manjagarar nan, abin da ya rage ni zan kwashe.

Na ajiye aiki. Motar da zan hau tana isa Hancock ranar Asabar da yamma, ka roƙi Niilo ya zo ya ɗauke ni, ka ce masa ina da maganar da zan faɗa masa shi ma.

Abu ɗaya ya rage. Mama, na rame sosai, kuma na yanke gashina. Akwai tabo a kan girata ta hagu, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, na ranar da na ce miki ta ƙarshe ce. Tun Disamba nake koyon yadda zan rufe shi da hoda don kada ki gani. Yanzu hannunki zai same shi. Na faɗa miki ne tun yau don kada ki firgita. Ya warke, ba ya ciwo.

'Yarku,
Taimi